Manhajar Da Aka Hana Ƙorafi

A gidan sanyin da na yi aiki, ba a kai wa Manaja mummunan labari. Ba a rubuce dokar take ba, amma sabon ma'aikaci kan san ta tun kafin ya san inda banɗaki yake. Idan injin wani ɗaki ya mutu, makaniki zai ce wa shugaban sashe ya mutu, shugaban sashe ya ce wa Mataimaki yana ɗan tari, Mataimaki kuma ya hau bene ya shaida wa Manaja cewa ana yi wa injin hidima ta musamman. Kafin labari ya gama hawa matakala ya warke sarai. Akwai ma akwatin ƙorafi da aka taɓa kafawa a bakin ƙofa. Da aka lura mutane na jefa ƙorafi a cikinsa, sai aka cire shi aka ajiye tukunyar fulawa a wurin.

Aikin gidan ba wani mai wuyar fahimta ba ne. Manyan ɗakuna ne masu ƙofofin ƙarfe, 'yan kasuwa na kawo kifi da kaji a kwalaye, mu kuma mu riƙe musu a daskare har su zo ɗauka. Ni ne mai kwamfuta. Ofishina a ƙarƙashin matakala yake, ni da tebur ɗaya da wata fanka mai juya kai ta ko'ina ban da inda nake zaune.

Mataimakin Manaja kuwa sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa, Ba-Matsala kowa ke ce masa a bayan ido. Mutum ne mai fara'a, ba ya cin zalin kowa da gangan. Ko gobara ka kawo masa zai dafa kafaɗarka ya ce ba matsala, ya tafi ya bar ka da ita.

Wata rana Manaja ya dawo daga wani taro da sabon buri. Ya sa aka manna ma'aunin sanyi a bangon kowane ɗaki, aka ja wayoyinsu har zuwa babbar kwamfutar da ke ofishina. Nufinsa kwamfuta ta riƙa karanta su dare da rana, da zarar wani ɗaki ya fara ɗumi jiniya ta ɗauki kuka. Gaskiya tunani ne mai kyau, ni kaina na yaba. Na yaba har na wuce gona da iri, domin a ranar na nufi kasuwa na sami Yaya.

Yaya ita ce babbar yayata, kifi take sayarwa a kasuwar da ke bayan katangar gidan sanyin. Ita ta riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, da ribar kifi ta kai ni makarantar kwamfuta, kuma har yau Auta take ce mini ko a gaban wa. Shekara da shekaru a wani tsohon gidan sanyi na tsallaken titi take ajiyarta, mai shi ba ya da komai na zamani sai yawan leƙa ɗaki. Ni na zauna na yi ta tsara ta, na ce ta daina zama a duhu, ta dawo wajenmu inda na'ura za ta tsare mata kaya. Ta yarda saboda ni ne na faɗa. Ta kwaso jarinta kaf ta zuba a ɗakinmu na ƙarshe, kuma ba ta taho ita kaɗai ba, sai da ta janyo ƙawayenta na layin kifi.

Saura manhajar da za ta yi aikin. Manaja ya ji farashin ta kamfani ya kusa shaƙewa, sai wani a wurin taron ya raɗa masa cewa akwai ta kyauta, wadda masu sa kai suka rubuta suka bar tushenta a buɗe ga kowa. Daga jin kalmar kyauta bai ƙara sauraren komai ba.

Abin da ba a faɗa masa ba shi ne irin wannan manhajar ba riga ɗinkakkiya ba ce. Yadi ake ba ka da awo, ka je ka ɗinka a kan kekenka. Za ka sauko da rubutun tushen, dubban layuka, ka ba kwamfuta umarni ta harhaɗa su su zama manhajar da za a iya kunnawa. In akwai abin da ya gaza, sai ta tsaya ta faɗa maka da jan rubutu.

Ranar da na fara, Ba-Matsala na tsaye a bayana da kofin shayinsa. Na buga umarni, rubutu ya shiga gudu a allo, kwamfuta ta ɗauki gurnani. Har na fara jin kaina wani abu. Can sai ta tsaya cak, allo ya cika da ja tun daga sama har ƙasa.

"Mene ne wannan jan?" in ji shi.

"Kurakurai ne, yallaɓai. Tana cewa ba za ta haɗu ba."

"Ita ce ke cewa?"

"Ita ce."

Ya waiga ya dubi matakala, ya rage murya. "To ka rage hasken allon, kada Manaja ya sauko ya gani. Ba matsala."

Na kwana biyu ina fama. Na bi kuskuren ƙarshe da ke ƙasan allo, na taɓa nan na taɓa can, in na kashe ɗaya sai uku su tsiro. Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na shiga dandalin intanet na masu amfani da manhajar na nemi wanda ya taɓa shiga irin halina. Na kuwa same shi. Wani bawan Allah ne, shekaru da suka wuce, ya kawo kuskure irin nawa sak, harafi da harafi. Zuciyata ta yi fari. Na gangara ƙasa don in ga maganin, sai na tarar ya dawo ya rubuta, "An gyara, na gode." Shi ke nan. Bai ce ga yadda aka yi ba, bai sake leƙowa ba. Ban san shi ba, ban san ƙasarsu ba, amma na daɗe ban ji haushin mutum kamar yadda na ji nasa ba.

Na rubuta tawa tambayar. Na farko ya amsa da cewa a wajensa tana aiki lafiya, kamar na tambaye shi lafiyar gidansu. Na biyu ya ce in je in karanta littafin bayani kafin in ɓata wa mutane lokaci. Na uku ya ce laifina ne da na zaɓi wannan manhajar, ga wata can da ta fi ta. Sai na huɗu, wani mai hoton mage a madadin fuskarsa, ya rubuto layi biyu: "Wannan da ka turo na ƙarshe ne, ba shi da laifi, faɗo masa aka yi. Koma sama ka turo kuskure na farko."

Na koma sama, na yi ta ja har yatsana ya gaji. Can ƙoli na same shi, layi ɗaya tilo, ko ja sosai bai yi ba. Cewa yake ba a sami wani laburare ba, wato wani ƙunshin rubutu da manhajar ke aro don ta iya magana da ma'aunai. Rashinsa ne ya haifi duk sauran. Mai hoton mage ya tabbatar, ya ce in girka laburaren da direbansa, wato ɗan rubutun da ke sada kwamfuta da ma'aunan, in sake harhaɗawa, magana ta ƙare. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba.

Sai dai girka su na bukatar kalmar sirrin babbar kwamfutar, domin su ne ke taɓa ƙofar da wayar ma'aunai ke shiga. Kalmar sirrin kuwa tana hannun Manaja shi kaɗai, tun lokacin da aka kama wanda na gada ya sa wasan karta a ciki.

Na faɗa wa Ba-Matsala. Ya hau bene da maganar, ban san me ta zama a hanya ba, amma da ya sauko sai ya ce an kafa kwamiti.

Aka zauna a ofishin Manaja, inda sanyin ya fi na wasu ɗakunan kifin. Aka sa ni na buga kurakuran a takarda, suka cika shafuka. Manaja ya ɗaga su yana jijjigawa kamar mai gwada nauyinsu.

"Wa ya rubuta wannan manhajar?"

"Mutane ne da yawa, ranka ya daɗe, daga ko'ina a duniya. Masu sa kai ne."

"Wane ne shugabansu?"

"Ba su da shugaba irin wanda kake nufi."

"Ofishinsu fa?"

"Babu."

Ya ajiye takardun, ya dube ni ta saman tabarau. "To idan an yi kuskure wa ake kora?"

Na ce ba a korar kowa, gyarawa ake yi. Aka zuba mini ido kamar na yi saɓo. Ba-Matsala ya yi 'yar dariya don ya nuna wasa nake yi. Na yi maza na ce kuskuren a gaskiya ɗaya ne, na saman, kuma ba daga su ba ne, daga kwamfutarmu ne. In ya taimaka ya sauko ya buga kalmar sirri da hannunsa, ni ko kallo ba zan yi ba, kafin a tashi aiki an gama.

Na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba ya shafa, ya koma na gefe ya shafa, sannan fuskarsa ta haɗe.

"Kai yaro ne," ya ce. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shafi nawa ne nan? Ka ce duk wannan tarin surutun laifin layi ɗaya ne? Kalmar sirri ba abin wasa ba ce. Ni dai abin da na sani, ranar buɗewa ta matso, na gayyaci mutane, kuma ba na son ganin ja."

Muna saukowa Ba-Matsala ya ja ni gefe a kan matakala. "Kada ka sake tambayarsa kalmar nan."

"Don me?"

Ya duba sama ya duba ƙasa. "Ya manta ta. Tun bara."

Na ce to ai da sauƙi, a goge kwamfutar a sake zuba mata komai sabo, a sa sabuwar kalma. Ya dafe ƙirji. Ya ce in an yi haka ai an ce ya manta ke nan, wa zai hau ya faɗa masa ya manta? Na ce ai shi ya san ya manta. Ya ce sanin da ya yi daban, a ce masa daban. Nan na gane ashe mummunan labari a gidan nan ba hawa kaɗai aka hana shi ba, har da sauka.

Ana gobe buɗewa, da hantsi, Ba-Matsala ya aike ni cikin gari in sayo ƙyallen da za a yanka da almakashi mai kyau. Na ce aikina bai ƙare ba. Ya ce ba matsala, zai tsare mini kujera. Da ma ya taɓa yin wani ɗan kwas na kwamfuta, takardar shaidar na rataye a bangon ofishinsa.

Da na dawo tun daga ƙofa na ji tafi. Ma'aikata sun cika ƙarƙashin matakala, Ba-Matsala na kan kujerata ya naɗe hannun riga, fankar ma shi take kallo. A allo kuwa ga manhaja ta buɗe, kore shar, ɗakuna a jere, kowanne da lambar sanyinsa, a sama an rubuta da manyan baƙaƙe: KOMAI LAFIYA LAU.

"Ya aka yi?" na ce. "Ya tuna kalmar?"

"Wace kalma? Kai dai ka cika tsaurara abu. Ai manhajar nan tana da kirki, ita da kanta take tona masu laifin. Duba, kowane ƙorafi da sunan fayil da lambar layi. Ni kuwa na fara daga na ƙasa, duk layin da ya yi ƙorafi na je na goge shi."

"Ka goge?"

"Na goge. Sai wasu suka taso, su ma na goge su. Akwai wata jakar fayiloli guda da ta fi kowa baki, ita ce matattarar 'yan tawayen, na ɗauke ta gaba ɗaya. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa."

Na zauna a gefen tebur. Na duba abin da ya rage. Jakar da ya ɗauke ita ce mai karanta ma'aunai, da ita da mai tayar da jiniya. Abin da ya bari fuskar manhajar ce kawai, lambobin da ke jiki kuwa na misali ne, waɗanda marubutan suka sa don a ga yadda allon zai kasance. Na miƙa hannu bayan kwamfutar na zare wayar ma'aunai. Allo bai motsa ba. Na mayar, na ɗauko ma'aunin gwaji da ke kan tebur na tsoma bakinsa a cikin shayin Ba-Matsala mai tururi. Allo ya ce ɗakin na daskare, komai lafiya lau.

"Kun gani ko?" ya ce wa jama'a yana murmushi. "Ko ruwan zafi ba ya girgiza ta."

Washegari aka yi buki. An kafa wani ƙaton allo a bakin get yana kallon titi, don duk mai wucewa ya ga koren da idonsa. Manaja ya yanka ƙyalle, ya yi jawabi a kan zamani, ya ambaci Mataimaki da suna, ni kuma ya kira ni "ɓangaren fasaha". Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni Yaya ce, a sahun gaba, ta sha sabon ɗinki, tana juyawa hagu da dama tana taɓo mata. Daga inda nake ina jin muryarta: "Autana ne ya haɗa. Ƙanena ne, ni na raine shi." Ta hango ni ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata nawa da ƙyar. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi, domin a ƙofar kowane ɗaki akwai tsohon ma'auni mai allura, kuma akwai wani dattijo da aikinsa ke nan, ya zaga ya duba su. To bayan buki sai aka lura allurar ɗakin ƙarshe ba ta yarda da abin da allo ke faɗa ba. Kwamiti ya zauna ya yanke hukunci cewa bai dace a bar tsofaffin kaya suna ƙaryata sabbi a gaban baƙi ba. Aka kwance su duka aka zuba a kwali, dattijon kuma aka mayar da shi wankin motar Manaja. Ɗakin ƙarshen nan shi ne wanda makaniki ya ce injinsa na gab da mutuwa, wato wanda a sama aka san shi da ɗan tari. Kuma a cikinsa kifin Yaya yake.

Na yi abin da ba a yi. Na hau benen nan ni kaɗai, na ƙwanƙwasa, na shiga, na faɗa wa Manaja komai ba tare da na sa masa sukari ba. Ya saurare ni yana juya biro.

"Wato Mataimakina maƙaryaci ne?"

"Ban ce ba, ranka ya daɗe. Bai san abin da ya goge ba ne."

"To allon ne maƙaryaci?"

"Allon ba ya jin komai. Ko wuta ce ta kama ɗakin, kore zai nuna."

"Kai aka ba aikin nan ka yi kwanaki kana kawo mini ja. Mutum ya zauna rabin yini ya kawo kore. Yanzu ka zo kana baƙin ciki." Ya nuna ni da biron. "In na ji maganar nan a bakin ko da mutum ɗaya a waje, na san daga inda ta fito. Rufe mini ƙofa."

Na sauko na zauna a ƙarƙashin matakala ina kallon koren nan. Aikin nan shi ne na farko da na samu bayan doguwar zirga-zirga da takardu, kuma ranar da aka ɗauke ni Yaya har kuka ta yi. Na ce wa kaina wataƙila injin ya jure. Na ce wataƙila in raɗa mata ita kaɗai, ta riƙa zare kayanta kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura. Da aka tashi cin abincin rana na zaga ta bayan katanga na shiga kasuwa.

Na same ta tana kankare ɓawon kifi, ta tura mini kujera da ƙafa. Na faɗa mata. Ban iya kallon fuskarta ba, wuƙar nake kallo, har na ga ta tsaya.

"Wato abin nan da na yi ta nuna wa mutane, hoto ne kawai?"

"Hoto ne, Yaya."

"Kai ka yi shi haka?"

"Ba ni ba ne. Amma ni na ce ki kawo kayanki."

Ta ci gaba da kankara, da ƙarfi fiye da da, ɓawo na tsalle har kan takalmina. Na kawo shawarar zarewa kaɗan-kaɗan, a ɓoye.

"In zare nawa in bar na matan da na janyo da bakina?" ta ce. "Gobe in zauna kusa da su in ce me? Auta, ashe har yanzu ba ka da wayo." Ta goge wuƙar a jikin tsumma. "In na kwashe da rana tsaka za su san kai ne."

"Za su sani."

"Aikin fa?"

Na yi shiru. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ni ban kai ka makaranta don ka koyo yin shiru ba. Wannan ko a gida kyauta ake koyonsa. Tashi ka kira mini masu baro."

Ban manta tafiyar nan ba. Yaya a gaba da tsumman aikinta a ƙugu, masu baro a bayanta, ta bi layin kifi rumfa rumfa tana cewa, "Ni na ce ku kai, ni nake cewa ku kwashe. Na cika baki, na janye." Ta tsaya a ƙarƙashin ƙaton allon nan, inda jiya-jiya ta gama yabo, ta sa aka fito mata da kwalayenta ɗaya bayan ɗaya aka tsallaka titi da su zuwa tsohon gidan da ta baro. Mai gidan ya buɗe mata ƙofa. Wasu matan suka bi ta. Wasu suka tsaya suna nuna allo suna dariya, suna cewa ga abu kore shar, gani ya kori ji, ita dai ta sami saɓani da ƙanenta ne take hucewa a kan mutane. Ta ji su sarai, ba ta waiga ba.

Kafin la'asar Ba-Matsala ya leƙo ƙarƙashin matakala, ya dafa kafaɗata. Ya ce kada in ɗauka kora ce, an dai sauwaƙe mini zuwa aiki ne daga yau, in bar makulli a kan tebur. Har ƙofa ya raka ni, yana cewa ba matsala. Ni ne layi na ƙarshe da ya yi ƙorafi a gidan, kuma na ji an ce tun daga ranar ba a sake samun ko ɗaya ba.

Na koma rumfar Yaya ina riƙe mata sikeli. Ba a yi mako ba iska ta fara kawo saƙo ta saman katanga. Da fari mutane suka ɗora wa kwata laifi, sannan suka ce mushe ne a bola. Da ƙudaje suka yi wa get ɗin gidan sanyi rumfa, kowa ya daina tambaya. Matan da suka bar kayansu suka taru suna kuka suna buga ƙofa, a saman kawunansu kuwa allo na ta haskawa, komai lafiya lau. Dattijo mai wankin mota ya ba ni labari cewa kwamiti ya zauna a kan batun warin, kuma an cim ma matsaya: daga yanzu an haramta wa ma'aikaci toshe hanci a cikin harabar kamfani, domin yana ɓata wa gidan suna. Na leƙa na ga Ba-Matsala a bakin get, hannayensa biyu a baya, yana murmushi, hawaye na zubo masa.

Ban yi murna ba. Cikin masu kukan nan akwai waɗanda suka goya ni ina ƙarami, kuma Yaya ta raba musu kwalaye daga nata don su samu na juyawa.

A ranar ne wayata ta yi ƙara, saƙo daga dandali. Mai hoton mage ne yake tambaya ko an dace, in an gyara in rubuta yadda aka yi don amfanin na baya. Na tuna bawan Allahn nan mai "An gyara, na gode", na ce ko shi ma wani Mataimakin ne ya tsare masa kujera. Na goge hannuna na rubuta gaskiya tun daga kalmar sirri har zuwa ƙudaje. Ba a jima ba wani mai kula da dandalin ya amsa cewa wannan ba matsalar manhaja ba ce, an rufe batun.

Ina mayar da wayar aljihu wata mata ta tsaya sayen kifi. Yaya ta zaro ɗaya daga kwali, a daskare kamar itace, ta ƙwanƙwasa shi a kan tebur ta miƙo mini in auna. Matar ta ƙare mini kallo.

"Wannan ba shi ne ƙanen naki mai kwamfuta ba? Wanda kika ce yana aiki a gidan sanyi?"

Na sunkuyar da kai a kan sikeli, ina jiran in ji yadda Yaya za ta rufa mini asiri. Sai na ji ta ɗaga murya, irin ɗagawar da ta yi ranar buki, har na rumfar gaba suka juyo.

"Shi ne. Autana ne, ni na raine shi," ta ce. "Shi aka kora."